Maigandi da Ladanin Siminti

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jinƙai, wanda Yake suranta bayinSa a cikin mahaifa yadda Ya so, ba da taimakon kowa ba. Tsira da aminci su tabbata ga Shugaban Manzanni, da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, wannan tarihin maƙwabcinmu ne Maigandi mai goro, na unguwar Dogo Nini a nan Potiskum, wanda aka damƙa wa ladancin masallacinmu a matsayin gwaji, ya kuma sake shi da hannunsa saboda wani abu da ba ya ji, ba ya gani, ba ya amsa sallama. Ban ɗauki alƙalami don in ci namansa ba. Abin da ya yi a bainar jama'a ya yi shi, kuma har yau shi da bakinsa yake ba da labarin ga duk wanda ya tsaya a teburinsa. Sai dai yakan ba da shi a karkace, kamar wanda aka zalunta. Na ga ya kamata a samu wanda zai miƙe shi.

An haifi Maigandi a Danchuwa. Mahaifinsa Babarbare ne, manomin gero da gyaɗa, mutum mai kunya da ƙarancin magana, kuma ban san ta inda ɗan ya gaji abin da ya gada ba. An sa shi makarantar allo, ya yi izu huɗu ko biyar, daga nan allo ya yi masa nauyi, fartanya kuma ta fi allon nauyi. Sai ya bi manyan motocin da ke kwasar shanu daga kasuwarmu zuwa kudu. Ya yi karen mota har ƙuruciyarsa ta ƙare, bai zama direba ba. Direbobin da ya yi wa aiki sun shaide shi da abu biyu: ba ya sata, kuma ba a taɓa ganin madubin motar da yake bi da datti ba, domin duk inda aka tsaya yana gabansa yana gyara zaman hula.

Da ya sauka daga mota sai ya zauna a tasha yana kamasho. A nan aka san baiwar da Allah Ya yi masa, wato murya. Idan ya ce, "Kano! Kano! Saura mutum ɗaya!" har mai awon hatsi a can tsakiyar kasuwa sai ya ɗaga kai, alhali kuwa motar babu kowa a cikinta sai direba yana gyangyaɗi. Shekaru masu yawa ya yi yana ɓatar da wannan ni'ima a kan wannan ƙarya. Bayan an ba mu sabuwar jiha gwiwoyinsa suka fara ciwo, sai ya kafa tebur a bakin ƙofar wata kwalejin horar da malamai, yana sayar da goro da alewa da ashana. Matarsa Mairam, mace mai haƙuri, ita ke wanke goron ta jera shi, shi kuwa ya zauna ya yi hira.

A shekarar 1994 ladaninmu ya tsufa, numfashinsa ya gajarta, 'ya'yansa suka mayar da shi wurinsu a Mamudo. Limaminmu, Malam Muhammadu Lawan, ya duba cikin jama'a, ya ce Maigandi ya riƙa kiran salla zuwa bayan Babbar Salla. Idan dattawa sun gamsu, a tabbatar da shi. Ya miƙa masa makullin akwatin lasifika, shi kuma ya zura masa zare ya rataya a wuya.

Adalci ne in faɗa cewa da farko ya riƙe amanar da kyau. Bai makara ba. Ranar da aka ɗauke wuta yakan hau katanga ya kira da maƙogwaronsa, a ji shi har bakin titi. Aibinsa dai yana jan madda fiye da ƙa'ida, kamar wanda ba ya son rabuwa da muryarsa. Aka gyara masa, ya rage kaɗan. Kuma babu wanda bai san cewa a duniya ba abin da yake so kamar a tabbatar masa da wannan matsayi ba. Mutum ne da ya haura shekara hamsin bai taɓa riƙe wani abin da ake girmama mutum saboda shi ba. Ranar da wani ya fara ce masa "Ladan", sai da ya ba shi farin goro kyauta.

To, a kwalejin nan akwai sashen da ake koyar da zane da sassaƙa da rini da ginin tukwane, kuma suna da wani dogon ɗaki da suke ajiye abin da ɗalibai suka yi. Al'adarsu ce kowace shekara 'yan ajin ƙarshe su zaɓi ayyukan da za a nuna, su tsara ɗakin da kansu ba da sa hannun malamai ba, a buɗe wa mutanen gari su shiga kallo, sa'an nan wani malami ya zo daga jami'a ya ba da maki. A waccan shekara shugabar masu tsarin wata ɗaliba ce mai suna Ene, 'yar wani ma'aikacin gwamnati daga Binuwai. A garin nan ta girma, kuma ta san yadda ake gaishe da manya. A cikin abokan karatunta akwai Michael, ɗan kudu, mai ginin mutum-mutumi, wanda Hausarsa ba ta nuna ba tukuna.

Wata rana su biyun suka tsaya sayen alewa, Michael ya ƙura wa Maigandi ido.

"Lafiya, ɗan samari? Ko ka taɓa ganina a mafarki?"

"Baba, fuskanka yana da kyau sosai," in ji Michael. "Wannan tsage, wannan hanci. Ina so na gina kai."

"Ka gina ni? Ni ɗaki ne?"

Ene ta yi dariya ta ce, "Baba Ladan, kanka yake so ya gina da yumɓu, daga kafaɗa zuwa sama. Za mu sa shi a ɗakin nuni, manyan baƙi su gani."

Ban san wanne ya fi shiga zuciyarsa ba, "Baba Ladan" ko "manyan baƙi". Abin da na sani shi ne, a yammacin nan bayan la'asar ya same ni a zaure, ya durƙusa ya tambayi hukuncin abin. Na gaya masa abin da malaman mazhabarmu suka faɗa, ban ƙara ba, ban rage ba. Surar mai rai tana haramta ba tare da saɓani ba idan ta haɗa abu uku: ta zama mai jiki da inuwa, ta zama cikakkiyar gaɓoɓi, kuma an yi ta da abin da ke dawwama. Idan ta rasa wani sashe wanda mai rai ba ya rayuwa sai da shi, kamar kai babu gangar jiki, to hukuncin ya sauka daga haramci. Na ƙara masa da cewa halacci daban, mutunci daban. Ladan mutum ne da ake ji ba a buƙatar gani, kuma barin wannan abu ya fi masa alheri.

"Wato dai kai da kafaɗa babu laifi," in ji shi, yana laluben takalmansa.

Daga dukan abin da aka faɗa, wannan kaɗai ya ɗauka ya tafi da shi.

Abin da ya biyo baya na ji shi daga bakin ɗaliban, kuma shi bai musa ba. Hasali ma da alfahari yake maimaita shi. Ya riƙa barin teburinsa tun da hantsi, ya zauna a kan kujera a ɗakin aikinsu, Michael yana auna hancinsa da ɗan sanda yana liƙa yumɓu. Da kan ya kammala, kowa ya ce ya yi kama. Maigandi ya zagaya shi, ya taɓe baki.

"Yaro, wannan ai kowa ne. Wa zai gan shi ya san ladan ne? Sa masa hannuwa a kunne, ka buɗe masa baki."

Michael ya yi murna, ya ce haka zai fi rai. Amma tafin hannu ba ya tsayuwa a kunne sai da damtse, damtse kuma sai da ƙirji. Da aka yi ƙirji, Maigandi ya ce bai taɓa kiran salla tsirara ba, a sa masa riga. Ya ɗauko babbar rigarsa ta zuwa Idi, mai aska takwas, ya sa ya tsaya a cikin zafin bazara, gumi na zuba, yaron nan yana fitar da ɗinkin zare ɗaya bayan ɗaya da tsinken ƙarfe. Babbar riga kuwa kowa ya san inda take tsayawa.

"Riga a iska ba ƙafa?" in ji Maigandi. "Aljani ka gina?"

Ene ta ce, "Baba, ba kai ka ce malaminku ya ce iyaka kafaɗa ba?"

"'Yata, a kan kai Malam ya yi magana. Bai ce komai a kan riga ba."

Aka yi ƙafafu, aka sa musu takalmi sau-ciki wanda mai shi bai taɓa mallakar irinsa ba. Sai dai yumɓu mai tsawon mutum ba ya ɗaukar nauyin kansa. Ya fara tsagewa a ƙugu, hannu ɗaya ya sunkuya. Michael ya ce ɗayan biyu: ko a koma kan kai kaɗai, ko a zuba shi da siminti a kan rodi.

"Simintin yana daɗewa?"

"Baba, jikan jikanka zai gani."

"To, me kake jira?"

Haka ya tattara sharuɗɗan nan uku da harshensa, ɗaya bayan ɗaya, kamar mai tara itacen da za a ƙona shi da shi. Babu wanda ya yaudare shi. Yaron aikin makarantarsa yake yi, kuma addininsa bai hana shi ba. Yarinyar kuwa har tunatar da shi ta yi. Ujubu, wato mutum ya ƙayatu da kansa, cuta ce da ba ta zuwa da zazzaɓi, shi ya sa mai ita ba ya neman magani.

A duk wannan lokaci goro yana bushewa a tebur. Mairam ta gaji da aika, ta yafa gyale ta bi shi har ɗakin aikin. Ta dubi ginin, ta dubi mijinta, ta ce, "Wannan ya fi ka. Ko ba komai ya tsaya inda aka ajiye shi." Ta juya ta koma ta zauna a teburin da kanta.

Da Maigandi yana da wayon ɓoye abin kunya, da watakila al'amarin ya daɗe bai iso masallaci ba, domin ba mu saba shiga kwalejin ba. Amma shi bai ɗauke shi abin kunya ba. Ranar da za a buɗe nunin, shi da ƙafarsa ya bi gida-gida ya gayyace mu, ya ce an karrama masallacinmu. Muka tafi mu uku: Liman, da ni, da Bubayaro, wani Bafulatani mai fataucin shanu da ya daɗe da zama gari, wanda ba ya barin sahun farko, kuma ba ya barin Maigandi ya huta da tsokana, irin wasan da ke tsakanin Fulani da Barebari.

Ene ta tarbe mu a ƙofa, ta rusuna ta gaishe mu, ta ce ita za ta zagaya da mu. Ta bayyana cewa sun tsara ɗakin kamar tafiyar mutum daga gona zuwa kasuwa, daga kasuwa zuwa cikin gari. A kusa da ƙofa, a wani lungu, akwai randuna da tulunan ruwa masu kyan baki, da zannuwa da aka rina da baba, da wani allo da wani ɗalibi Musulmi ya yi wa zayyana mai kusurwoyi, irin wadda ake yi wa mai saukar Alƙur'ani. Waɗannan abubuwa ne masu amfani, babu shubuha a cikinsu, kuma aikinsu ya tsaru. Ban ga mutum ɗaya da ya tsaya a gabansu ba. Jama'a wucewa suke yi kamar masu wuce katanga.

Gaba kaɗan aka rataye zane-zane. Akwai na mata masu sussuka, da na wata babbar mota da aka cika da shanu, da na wani farin sa mai tozo wanda ya cika bango. Bubayaro ya tsaya a gabansa yana murmushi, ya kai hannu zai lallatsa tozon.

"Baba, ba a taɓawa," in ji Ene.

"Sa ne ba a taɓawa? To, yaya za a san ƙibarsa?"

Sai wani allon da aka watsa wa ja da baƙi da rawaya, babu kai babu gindi, kamar tabarmar da yara suka yi wa ɓarin miya. Ene ta ce layin shan mai ne, wai mai zanen ya zana ɓacin ran masu jira ne, ba motocin ba. Wasu samari masu tabarau suna tsaye a gabansa suna gyaɗa kai da ƙarfi, kowa na tsoron a ce bai gane ba. Kusa da shi an tara tsofaffin ƙarafan mota, an haɗe su da walda, aka ce jimina ce. Liman ya dube ta, ya ce Allah Ya ba su sa'ar jarrabawa, muka wuce.

A ƙarshen ɗakin jama'a suka taru, kuma a nan muka ga abin da aka gayyace mu mu gani. An ɗora shi a kan dakali kusa da taga, inuwarsa ta miƙe a ƙasa har ta taɓa ƙafafun masu kallo. Mutum ne cikakke daga hula zuwa takalmi, hannuwa a kunne, baki a buɗe, jijiyoyin wuya a tsaye. A gefensa kuma ga Maigandi cikin rigar da aka kwaikwaya, shi ma ya sa hannuwa a kunne ya buɗe baki, mai hoto yana ce masa ya ɗan ɗaga haɓa. Kalmomin da ake buɗe baki dominsu babu su a wurin, daga shi har abokin tsayuwarsa.

Bubayaro ya zagaya dakalin, hannuwansa a baya don kada a sake tsawata masa.

"Aradu, Babarbare, sun yi ka! Kai yaro, mene ne a cikin kansa?"

"Babu komai, Baba," in ji Michael. "Rami ne."

"To, ai kamannin sun cika."

Jama'a suka fashe da dariya, har da Maigandi, domin ya ɗauka yabo ne. Liman bai yi dariya ba. Ya jira mai hoto ya gama, sa'an nan ya ce a hankali, "Maigandi, wannan ne kai da kafaɗar?"

"Allah gafarta Malam, ƙaruwa ya yi."

"Shi kaɗai ya ƙaru?"

Liman ya ce shi ba ya da magana da ɗalibai, makarantarsu ce, kuma baƙi ne mu a ɗakinsu. Maganarsa da ladaninsa ce. Ba zai yiwu mutumin da ke shelanta kaɗaitakar Allah sau biyar a yini ya zama shi ne ya nemi a tsayar masa da cikakkiyar sura, ya kuma tsaya a gefenta yana karɓar gaisuwa ba. Gobe yaran unguwa za su ce an yi wa ladan gunki, kuma ba za a ce sun yi ƙarya ba.

A nan yarinyar nan ta nuna hankalin da dattijon bai nuna ba. Ta ja Michael gefe, suka yi magana da Turanci, ta dawo ta ce, "Malam, ku yi mana haƙuri malamin jami'a ya zo ya ba da maki. Bayan nan Michael ya yarda zai yanke shi daga ƙirji, ya koma kai da kafaɗa kamar yadda aka fara. Malamin sashenmu ba zai hana ba, dama ɗakin ya yi wa ginin kaɗan."

Liman ya ce ya gamsu, Allah Ya yi mata albarka. Hanya ta buɗe, babu asara ga kowa. Maigandi kaɗai ya dafe ƙirjinsa, kamar shi za a sa wa zarto, ya ce zai yi tunani.

Tunanin nasa ya bayyana bayan 'yan kwanaki. An idar da azahar, dattawa ba su watse ba, sai ya matso gaban Liman, ya ciro wani abu daga aljihu a naɗe cikin ganyen goro, ya buɗe. Ɗan ƙaramin yatsa ne na siminti.

"Allah gafarta Malam, an ce idan ba cikakke ba ne babu laifi. Ga shi, na karya masa yatsa. Yanzu naƙasasshe ne."

Daga baya muka ji cewa ya zaɓi yatsan da ke bayan kunnen hagu, ta wajen bango, inda mai kallo ba zai lura ba. Kuma ya karya shi ne kafin a ba yaron maki, ba da saninsa ba. Wato ya ƙara ɓarnar kayan wani a kan abin da ya riga ya ɗauka.

Liman ya juya yatsan a tafinsa, ya ce, "Abin da aka gaya maka shi ne sashen da mai rai ba ya rayuwa sai da shi. Mutum ba ya rayuwa idan babu ƙaramin yatsa?"

Kafin Maigandi ya amsa, Bubayaro ya ɗaga hannunsa na dama sama. Ƙaramin yatsansa babu shi, igiyar wani bijimi ta tafi da shi tun yana saurayi.

"Ni dai ga ni," ya ce. "Jiya ma da shi na ci tuwo."

Sai da Liman ya tsawata kafin dariya ta lafa a cikin masallaci. Ya mayar wa Maigandi yatsan, ya umarce shi ya kai wa mai shi ya nemi gafara. Wannan umarni kam ya bi shi da gudu: ya kai, Michael ya liƙa, shi kuma ya tsaya yana riƙe da shi har ya kama.

Malamin jami'a ya zo ya tafi, Michael ya sami makin da ya fi na kowa, aka rufe nunin. Ana saura kwana kaɗan Salla, Liman ya ce mu koma a gama magana. Muka tarar an sauke zane-zanen an jingine su a bango, ɗakin ya zama fili. Michael ya kawo guduma da zarton ƙarfe. Ene ta hau kujera, ta ja layi da alli a ƙirjin ginin, layin ya ratsa ta tsakiyar aikin rigar.

Liman ya ce, "Maigandi, mu ba mu da iko da kayan kwaleji. Mai aikin ya yarda, mai ɗakin ta yarda. Kalma ɗaya ta rage, kuma daga bakinka muke son jin ta, domin da bakinka aka ƙara abin da aka ƙara."

Maigandi ya dubi layin ya daɗe.

"'Yata, ɗan sauke shi ƙasa da aljihu."

Ene ta dubi Liman, ta goge, ta sauke.

"Ƙara kaɗan. Ai hannun rigar bai fita ba."

Ta ƙara. Ya ce ta ƙara. Layi ya bar ciki, ya bar ƙugu, ya kai gwiwa. Ciniki yake yi da hukunci kamar yadda ake cinikin kujera a tasha.

"Maigandi," in ji Liman, "idan an yanke takalmi kaɗai, me aka yanke?"

"Malam, ka dubi askar nan. Idon yaron nan ya kusa mutuwa a kanta."

"Baba, ba komai," in ji Michael. "Na samu maki. Akwai hoto."

"Ka ji, yaron ya yafe," in ji Liman.

"Ni ban yafe ba."

Ya faɗi haka, ya matsa ya shiga tsakanin zarton da ginin, ya kama hannun rigarsa ya goge allin sarai, har da ɗan burbushin da ya maƙale a cikin ɗinkin. Liman ya miƙa hannu. Maigandi ya kama shi da hannu biyu zai yi musafaha, fuskarsa ta washe, yana zaton an yi masa rangwame.

"Makullin," in ji Liman.

A nan na ga ya fahimta. Ya dubi Liman, ya waiwaya ya dubi abin da ke bayansa. Har a wannan lokaci da ya ce a yanke, da an bar masa makullin. Liman bai janye hannunsa da sauri ba, kuma yaron bai ajiye zarton ba. Amma sai ya cire hularsa, ya zare zaren daga wuyansa, ya ɗora makullin a tafin Liman, ya mayar da hular ya daidaita ta.

Bubayaro ne ya kira la'asar a ranar. Muryarsa kaushi gare ta, harshensa na Fulani yana fitowa a cikin haruffa, kuma ba ya ja ko kaɗan. Yakan faɗi kalmomin ya sauka. Babu wanda ya taɓa tsayawa a titi don ya saurare shi, amma sahu yana cika.

Bayan Salla dattawa suka zauna suka tabbatar da Bubayaro. Liman ya aika a kira Maigandi ya halarci addu'ar, don kada a ce an yi da gaba. Mairam ta ce wa ɗan aiken ba ya gida. Ya ji labarin 'yan sabon aji suna son fili don nasu nunin, za su fitar da ginin waje ƙarƙashin wata bishiya, ya tafi ya tsaya a kansu kada su gurje masa takalmi.

Wannan shi ne abin da ya faru, yadda na gani da yadda amintattu suka faɗa mini. Allah Ya tsare mu daga ƙayatuwa da kawunanmu, Ya shirye shi, Ya shirye mu, kuma Shi ne Mafi sani.